Ku Tambayi Malamin Lissafi: Lambar da ta Haɗiye Lambobin Wayar Iyayen Yara

Jama'a, assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata wani ɗan'uwa ya kawo kuka a kan wata lamba, 2,147,483,647, da ta addabe shi a kwamfuta. Fili ya yi kaɗan, na ba shi amsa a layi uku, na ƙara da cewa lambar tana cikin waɗanda ba sa rabuwa. Wannan 'yar maganar ce ta jawo wasiƙu, don haka yau filin duk nata ne. Zan sake kawo tambayar farko saboda wanda waccan fitowar ta wuce shi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ke kula da kwamfutar wata makaranta a nan Gusau. Na haɗa 'yar manhajar rajistar ɗalibai da MySQL, manhajar ajiye bayanai, muka zauna muka shigar da sunayen yara da lambobin wayar iyayensu. Da na buɗe jadawalin sai na tarar kowane uba lambarsa ɗaya ce: 2147483647. Shugaban makaranta ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar, wani kuma ya ce aikin 'yan damfara ne. Wai lambar wane ne wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, ba lambar kowa ba ce, kuma ka ce wa shugaban makaranta ya kwantar da hankalinsa. Wurin da ka tanadar wa lambar waya ne ya yi mata kaɗan. Na tabbata INT ka zaɓa, wato nau'in wurin da ake ajiye adadi, shi kuwa INT gurbi 32 gare shi, kowane gurbi ko dai 0 ko 1. Gurbi ɗaya ya tafi wajen nuna ko lambar tana sama da sifiri ko tana ƙasa da shi, saura 31. In ka cika dukkan 31 ɗin da 1, abin da za ka samu shi ne biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Nan mudun ya cika, abin da aka ƙara a kai ƙasa yake zubewa.

To duba lambobin wayar Najeriya. Suna farawa da 070, 080, 081, 090 ko 091, alƙaluma goma sha ɗaya. Kwamfuta ta watsar da sifirin farko tunda a lissafi ba ya ƙara komai, ya rage alƙaluma goma masu farawa da 7 ko 8 ko 9, wato biliyan bakwai zuwa tara da wani abu. Duk sun haura biliyan biyu. MySQL ɗin da aka sassauta wa ƙa'ida ba ya ƙorafi, sai dai ya ajiye mafi girman abin da wurin zai ɗauka ya yi shiru. Da a Maraɗi kake da ba ka ga wannan ba, domin lambar Nijar alƙaluma takwas ce, tana shiga lafiya lau, sai fa ranar da wani ya liƙa mata 227 a gaba.

Maganin shi ne ka mayar da wurin VARCHAR, wato nau'in wurin da ake ajiye rubutu, ka ajiye lambar waya a matsayin rubutu. Ba wanda ke tara lambar wayar wani da ta wani, ba mai raba ta biyu, saboda haka babu dalilin ajiye ta a matsayin adadi. Haka NIN da BVN. Abin da ba zai yi maka daɗi ba shi ne waɗanda aka riga aka shigar sun tafi, babu dabarar da za ta dawo da su daga cikin kwamfutar. Sai a koma kan fom ɗin takarda a sake bugawa.

Ga mai son ya ji girman lambar a jikinsa: a ba ka naira 1 ranar ɗaya ga wata, naira 2 washegari, 4 rana ta uku, kullum ana ninkawa. Ranar goma ga wata duk abin da ka tara naira 1,023 ne. Ranar ashirin ya kai 1,048,575. In watan mai kwana 31 ne, ranar ƙarshe kaɗai za a ba ka 1,073,741,824, jimillar watan kuma ta tsaya daidai a kan naira 2,147,483,647. A rubuce dai 2³¹ − 1 ce: a jera 2 guda 31 a yi sau ɗinsu, a ɗebe 1.

Tambaya: Malam, ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Zariya. Na rubuta wa 'yan aji biyar lambar nan a allo na ce musu ba ta rabuwa, kamar yadda ka faɗa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wa ya gwada?" Na ce masana ne. Ta ce to su ta yaya suka gwada lamba fiye da biliyan biyu? Gaskiya na rasa abin cewa. A taimaka mini da amsar da zan koma da ita aji.

Amsa: Malama, ki riƙe yarinyar nan da kyau. "Masana sun ce" ba hujja ba ce a lissafi, ita kuma ta gane haka tun ba a gaya mata ba.

Mu fara daga tushe. Lamba gagara-raba, wadda ɗalibanki suka sani da firayim, ita ce wadda babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. Gwajin farko da kowace ɗaliba za ta iya: lambarmu ta ƙare da 7, don haka mara ce, ba ta 2 ba ce, ba ta 5 ba ce. Alƙalumanta in an tara su 46 ne, 46 kuwa ba ta rabuwa da 3, ke nan ita ma ba ta rabuwa. In kika sa su raba ta da 7, da 9, da 11, da 31, za su ga wani abin mamaki: kullum saura 1. Dalili shi ne maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646, ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Taku ɗaya tsakaninsu, ɗaya ta farfashe gida takwas, ɗaya ko tsagi babu.

Sai rage aiki na farko. Idan lamba ta rabu gida biyu, wannan sau wancan, dole ɗayansu ya zama ƙarami, ba zai yiwu duka biyun su wuce tushen murabba'inta ba. 46,341 sau kanta ya riga ya zarce lambarmu. Saboda haka ba biliyan biyu za a gwada ba, a 46,340 za a tsaya. A cikinsu ma gagara-raba kaɗai ake buƙata, su kuwa kusan 4,800 ne. Aiki ya ragu sosai, amma raba lamba mai alƙaluma goma sau 4,800 da alƙalami ba wasa ba ne.

Rage aiki na biyu ya fito daga Pierre de Fermat, wani lauya Bafaranshe, a 1640. A nan nake so ki tsaya da su, domin nan daɗin yake. Ki ɗauki ƙaramar 'yar'uwar lambarmu, 2¹¹ − 1, wato 2,047. Kallon farko kamar ba ta rabuwa, alhali 23 × 89 ce. Ki sa su ninka 2 suna tafe, duk lokacin da suka haura 23 su ɗebe 23. Za su samu 2, 4, 8, 16, 9, 18, 13, 3, 6, 12, 1. Taku goma sha ɗaya cif suka dawo kan 1, abin da ake nufi ke nan da cewa 23 ta raba 2¹¹ − 1. Fermat ya gano cewa tsawon irin wannan zagayen dole ya raba lambar da ke ƙasa da mai rabawar da ɗaya. Ga shi kuwa: 23 a ɗebe 1 ya zama 22, wato 11 sau 2. Haka 89 a ɗebe 1 ya zama 88, wato 11 sau 8. To duk gagara-rabar da za ta raba 2³¹ − 1, zagayenta taku 31 ne, ke nan in an ɗebe mata 1 dole abin da ya rage ya rabu da 31, ya kuma rabu da 2 tunda ita mara ce. A taƙaice sai ta kasance 62 sau wani abu, a ƙara 1. Sauran duk an sallame su ba tare da an taɓa su ba. Da wannan dabarar Fermat ya fasa 2³⁷ − 1: ya bi layin 74 a ƙara 1, ya tsallake 75, ya gwada 149 ba ta yi ba, 223 ta raba.

Na uku shi ne na Leonhard Euler, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya yi yawancin aikinsa a Rasha da Jamus. Shi ya ƙara da cewa mai raba irin wannan lambar, in aka raba shi da 8, saura dole ya zama 1 ko 7. Haɗa wannan da sharaɗin Fermat sai layi biyu kawai suka rage: 248 sau wani abu a ƙara 1, ko 248 sau wani abu a ƙara 63. Ƙasa da 46,340 irin waɗannan ba su kai 400 ba, gagara-rabar cikinsu kuma ba su kai ɗari ba. Ta farko 311 ce. Ki ba su su raba, za su samu 6,905,092 saura 35. Ta biyu 1,303, ta uku 1,489, haka har ƙarshe, babu wadda ta raba. A 1772 Euler ya sanar da sakamakon a wata wasiƙa zuwa ga wani masanin lissafi, Bernoulli, a lokacin kuwa idanunsa sun riga sun tafi kusan gaba ɗaya, faɗa yake yi ana rubuta masa. Daga gwaji biliyan biyu zuwa ƙasa da ɗari. Amsar yarinyar ke nan: ba ƙarfin gwaji aka yi ba, tunani aka yi har gwajin ya zama na kwana kaɗan.

Kada ki bar su da labari kawai. Ki ba su 8,191, wato 2¹³ − 1. Tushenta 90 da 'yan kai. Layin Fermat 26 ne a ƙara 1, wanda ya ba da 27, 53, 79. 27 tana rabuwa, ta fita. 53 in an raba da 8 saura 5, Euler ya kore ta. Saura 79 ita kaɗai. 8,191 a raba da 79 ya ba da 103 saura 54. Rabawa ɗaya tak, ajinki ya tabbatar da kansa cewa 8,191 gagara-raba ce. In sun ji daɗi, aikin gida 131,071, wato 2¹⁷ − 1, wadda rabawa uku za ta ishe ta.

Irin waɗannan lambobi, wato a jera 2 a yi sau ɗinsu a ɗebe 1, sunan Marin Mersenne suke ɗauke da shi, wani malamin coci a Faris da ya fitar da jerinsu a 1644. Ya ce 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257 su ne ke ba da gagara-raba in an ɗora su a kan 2 an ɗebe 1. Ya dace a kan 31, amma bai kawo hujja ba, sai bayan shekara 128 Euler ya kawo. A kan 67 da 257 kuwa bai dace ba, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. A 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a wani taron masana a New York cewa 2⁶⁷ − 1 ita ce 193,707,721 × 761,838,257,287. Ni a ganina Mersenne ya samu suna fiye da aikinsa a wannan fage, amma dai sunan ya riga ya bi shi. Lambarmu ita ce ta takwas a jerin na gaskiya. Tana da wata daraja kuma: 31 ɗin da ke kanta ita ma ta Mersenne ce, 2⁵ − 1. Masu irin wannan ninkin guda huɗu kaɗai aka sani, 7, 127, tamu, da 2¹²⁷ − 1.

Tambaya: Bayan sallama irin ta addinin Musulunci. Ni dattijo ne a Katsina, na yi karatun hisabi da rabon gado a zaure. An karantar da mu cewa adadi iri uku ne: tammi, za'idi da naƙisi. Jikana ya karanta mini maganarka, sai na ce a tambaye ka, wannan adadin naka a wane gida yake cikin ukun?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Naƙisi ne, kuma a ƙarshen naƙasa.

Saboda matasa, bari in buɗe abin da Baba yake nufi. A ɗauki lamba, a tara duk masu raba ta ban da ita kanta. In jimillar ta zo daidai da lambar, tammi ce, cikakkiya: 6 ita ce 1 + 2 + 3, 28 kuma 1 + 2 + 4 + 7 + 14. In jimillar ta haura, za'ida ce: masu raba 12 sun tashi 16, na 24 sun tashi 36. Baba ya fi ni sanin dalilin da ya sa 6 da 12 da 24 suke cikin asalan mas'alolin gado, lambobi ne masu karɓar rabi da sulusi da sudusi ba gardama. In kuwa jimillar ta gaza, naƙisa ce. Wannan kason ya zo ne daga Nikomakus na zamanin Girkawa, Sabitu bn Ƙurra ya fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, daga nan ya shiga littattafan hisabi.

Lambarmu ba ta da mai raba ta sai 1, don haka jimillarta 1 ce, a gaban biliyan biyu. Babu naƙasar da ta wuce wannan. Da dukiyar gado ce, a naira, babu yadda za a fitar da rabi ko sulusi ko sumuni ba tare da an shiga kwabbai ba.

Sai dai Baba, wannan naƙisar ita ke haifar da tammi. Iƙlidis, masanin lissafin Girkawa, ya nuna tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cewa in ka tara 1, 2, 4, 8 kana ninkawa, duk inda jimilla ta faɗa kan gagara-raba, ka yi sau ɗinta da lambar ƙarshe da ka tara, abin da ya fito tammi ne. 1 + 2 ya ba da 3, sau 2, ga 6. 1 + 2 + 4 ya ba da 7, sau 4, ga 28. Gaba kaɗan 31 sau 16 ya ba da 496, 127 sau 64 ya ba da 8,128. Daga nan sai su yi tsalle: 33,550,336, sai 8,589,869,056, sai 137,438,691,328. Waɗannan ukun suna cikin jerin da Isma'ila bn Fallus ya rubuta a ƙarni na 13, tun kafin Turai ta san na shida da na bakwai, ko da yake ya haɗa da wasu da ba tammi ba. Ta takwas ita ce tamu sau 1,073,741,824, wato 2,305,843,008,139,952,128. Euler ɗin dai shi ya tabbatar cewa duk tammin da yake cika, ba mara ba, ta wannan hanyar kaɗai yake fitowa. Ko akwai tammi mara? Har yau ba a samu ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar babu ba. Tana cikin tsofaffin tambayoyin lissafi da ke nan a buɗe.

Wani Bature ɗan Ingila, Peter Barlow, ya rubuta a 1811 cewa wannan tammin na takwas shi ne mafi girma da za a taɓa ganowa, wai tunda abin sha'awa ne kawai marar amfani, babu wanda zai wahalar da kansa neman na gaba. Yanzu an san 52.

Tunda gida-gida ake tambaya, ga wani gidan da take. Wasu gagara-raba ana iya rubuta su a matsayin murabba'i biyu a haɗe, kamar 13 da take 4 + 9, ko 29 da take 4 + 25. Wannan na waɗanda in an raba su da 4 saura 1 ne. Tamu saura 3 take bari, ba ta shiga. Murabba'i uku ma ba sa isar ta, domin in an raba ta da 8 saura 7, kamar yadda 7 kanta sai an haɗa 4 + 1 + 1 + 1. Sai huɗu, huɗu kuwa masanin lissafi Lagrange ya nuna a 1770 cewa suna isar kowace lamba. Ba ta da tagwai irin na 11 da 13, tunda ta ƙasanta da biyu ta ƙare da 5, ta samanta da biyu kuma tana rabuwa da 3. Gagara-raba mafi kusa da ita su ne 2,147,483,629 a baya da 2,147,483,659 a gaba. In aka jera su duka daga 2, ita ce ta 105,097,565.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Kano. Shin don ba ta rabuwa ne masu ƙera kwamfuta suka zaɓe ta ta zama iyaka? Kuma gaskiya ne a 2038 kwamfutoci za su tsaya saboda ita?

Amsa: A'a, ɗana, ba zaɓen ta aka yi ba, karo aka yi da ita. Iyakar gurbi 16 ita ce 32,767, wadda take 7 × 31 × 151. Iyakar gurbi 64 ita ce 9,223,372,036,854,775,807, tana rabuwa da 7 har sau biyu. Kwamfuta ba ruwanta da rabuwa ko rashinta a nan. An dai yi sa'a 32 a ɗebe 1 ya faɗa kan 31. Masu manhaja sun ci moriyar sa'ar daga baya: wata sananniyar hanyar fitar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi, wadda Park da Miller suka yaɗa a 1988, tana yin sau da 16,807 ne ta raba da lambarmu ta riƙe saura. Saboda lambar gagara-raba ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, sai ta zaga dukkan lambobi daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ta maimaita.

Batun 2038 akwai ƙamshin gaskiya. Tsarin Unix, wanda kwamfutoci da yawa ke bi, yana ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga farkon 1 ga Janairun 1970. Daƙiƙa ta 2,147,483,647 za ta cika ranar Talata 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato huɗu da kwata saura kaɗan na asuba a Najeriya da Nijar. Na'urar da ke ajiye lokaci a gurbi 32, daƙiƙa ɗaya bayan nan za ta juya ta ce 13 ga Disambar 1901 ake. Ka lura wannan ya bambanta da abin da ya samu ɗan'uwanmu na Gusau: tasa tsayawa ta yi a iyaka, wannan kuwa faɗawa take yi can ƙasan sifiri. Yawancin wayoyi da kwamfutocin yanzu gurbi 64 suke amfani da shi, wanda zai kai shekaru biliyan 292. Abin dubawa shi ne tsofaffin na'urori da aka dasa a cikin injuna aka manta da su, da tsofaffin rumbunan bayanai.

An riga an ga samfuri. A Disambar 2014 YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurbi 64, saboda bidiyon wani mawaƙin Koriya ta Kudu da ya haura lambar. A 2015 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin lantarkin Boeing 787 za su iya ɗaukewa in aka bar su a kunne kwana 248 a jere. Ka ƙirga ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa sau 2,147,483,647, za ka samu kwana 248 da rabi. Kada wani ya haɗa wannan 248 da ta Euler da na ambata a sama, tasa 8 sau 31 ce, haɗuwar goshi kawai suka yi.

Tambaya: Yallaɓai, an ce ana ba da daloli ga wanda ya gano sabuwar lamba irin wannan. Ina da laftof a shagona a Agadas. Ta ina zan fara?

Amsa: Ana bayarwa, amma ka ji yadda abin yake tukuna. Manyan ba da rabawa ake gwada su ba, da gwajin Lucas da Lehmer ake tabbatar da su. Ka fara da 4, ka yi sau ɗinta da kanta, ka ɗebe 2, ka raba da lambar da kake gwadawa ka riƙe saura, ka maimaita. Gwada da 31, wato 2⁵ − 1: daga 4 sai 14, 14 sau 14 a ɗebe 2 ya ba da 194, saura 8, 8 sau 8 a ɗebe 2 ya ba da 62, saura sifiri. Taku uku, wato 5 a ɗebe 2, aka sauka a sifiri, ke nan gagara-raba ce. Da 127 za ka bi ta 14, 67, 42, 111, sannan sifiri. Lambarmu, wadda Euler ya tabbatar, taku 29 ke gama ta, abin da laftof ɗinka zai yi kafin ka ɗaga yatsa. Da asalin wannan hanyar Édouard Lucas ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1 a 1876, mai alƙaluma 39, da hannu.

Tun 1996 akwai shirin sa-kai mai suna GIMPS da George Woltman ya kafa, kowa na iya sauke manhajarsu kyauta a ba shi lambar da zai gwada. A Oktoban 2024 wani ɗan shirin, Luke Durant, tsohon ma'aikacin Nvidia, ya gano 2 mai ɗauke da 136,279,841 a kanta, a ɗebe 1. Alƙalumanta 41,024,320. Ba da laftof ya yi ba, dubban na'urori ya yi haya a ƙasashe da dama, kuma kafin tasa an yi kusan shekara shida ba a samu sabuwa ba. Ladan da GIMPS ke bayarwa dala 3,000 ne. Kyautar da ta fi wannan girma, dala 150,000, ta wata ƙungiyar Amurka ce mai suna EFF, ga wanda ya fara kawo gagara-raba mai alƙaluma miliyan 100.

Gwajin lamba ɗaya a wannan girman yana cin kwanaki ko makonni na'ura tana aiki ba tsayawa, kuma kusan duk wadda aka gwada tana fitowa mai rabuwa. In don sha'awa ne, bismilla, sunanka zai shiga cikin waɗanda suka share wani yanki na hanya. In don dala ne, kuɗin wuta da zafin da laftof ɗin zai sha a Agadas za su cinye ribar tun ba a je ko'ina ba. Ka tabbata fankarsa na aiki, ka ɗaga shi daga kan tebur iska ta riƙa shiga ta ƙasa, kuma kada ka yi da wanda kake sana'a da shi.